Gwajin auna kariyar jiki bayan allurar ciwon hanta: abin da na tarar a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kano

Shekara 11 ke nan ina aikin ungozoma, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ta san cewa jini ba baƙo ba ne a hannunmu. Yakan fantsamo a fuska, safar hannu takan yage ana tsakiyar ɗinki, allura kuma takan soki yatsa a lokacin da hankali gaba ɗaya yake kan mai naƙuda. Duk da haka sai a bara na kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, domin an haife ni tun kafin 2004, shekarar da Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin da ake yi wa jarirai, kuma babu wanda ya tilasta mana yin ta muna makaranta. Babban binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 12, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ni da wata abokiyar aikina muka yi allurar tare, a rana ɗaya, daga kwalba ɗaya, a dantse: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Makonni shida bayan ta ukun muka nufi wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa domin a auna mana ko jikinmu ya amsa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, amma zan bayyana yadda aikinsu yake dalla-dalla domin mai neman irin wannan gwaji ya san abin da zai duba.

Wurin yana da tsabta, akwai kujerun jira masu isa, kuma wutar sola ba ta ɗauke ba tsawon zamanmu, abin da yake da muhimmanci ga gidan da ke ajiye sinadaran gwaji a firji. Matsalar farko ta taso ne a teburin karɓar baƙi. Da na ce mun zo gwajin ciwon hanta bayan rigakafi, budurwar da ke wurin ta rubuta mana HBsAg, wanda shi ne gwajin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da cutar. Na ce mata ba shi nake nema ba, sai ta ce to a yi mana mai layi biyar ɗin nan da ake kira kombo. Shi ma ba shi ba ne, domin tsinke ne da ake ɗiga wa jini ya nuna layi ko ya ƙi nunawa, ba ya ba da adadi. Abin da ma'aikacin lafiya yake buƙata shi ne gwajin anti-HBs na inji, wanda ke ƙidaya yawan sinadaran kariya da jiki ya haɗa, waɗanda a asibiti muke kira antibodi. Sai da ta shiga ciki ta tambayo kafin ta samo shi a jerin farashinsu, kuma kuɗinsa ya ninka na tsinken sau da yawa. Da ban san bambancin ba, da na biya kuɗin gwajin da ba zai amsa tambayata ba, na koma gida da takarda ina jin na gama.

A ɗakin ɗibar jini ban ga abin kushewa ba. Matashin da ya karɓe mu ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu a gabana, ya manna takardar sunana a jikin kwalbar kafin ya ɗaura mini roba a hannu, sannan ya juyo da kwalbar ya ce, "Sista, ki duba ko sunanki ne daidai." Sau ɗaya ya soka ya samu jijiya, allurar kuma ta wuce kai tsaye cikin akwatin kwali mai ruwan ɗorawa ba tare da ya yi ƙoƙarin mayar mata da murfi ba. Wannan ƙaramin abu ya kwantar mini da hankali fiye da fentin bango da na'urar sanyaya ɗaki, domin wajen mayar da murfi ne yawancinmu muke soke kanmu. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa suna tara samfura ne kafin su kunna injin, don haka sai bayan kwana uku. Ranar da ya faɗa kuwa, sakamakon ya fito.

Takardar abokiyar aikina ta nuna fiye da 1000. Tawa ta nuna 3. A gefe an rubuta ma'aunin da duniya ta amince da shi, wato 10 mIU/mL, wanda daga shi zuwa sama ake ɗaukar mutum ya samu kariya idan an auna shi wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar ƙarshe. Bayan wannan babu ko layi ɗaya na bayani. Da na tambayi wanda ya miƙo mana takardun me yake gani, sai ya ce, "Hajiya, ai ta jabu aka yi miki, ko kuma ta lalace. Yanzu alluran nan sai a hankali." Ya faɗi haka ne da murya a sarari, ga mutane kusan takwas a zaune suna ji, har wani dattijo ya gyaɗa kai.

Wannan magana ita ce babban laifin da na kama wurin da shi, kuma ta fi yi mini ciwo fiye da lambar da ke kan takardar. A garin da aka taɓa dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda zargi, aka kuma sha wahalar shekaru kafin a dawo da amincewar iyaye, bai kamata ma'aikacin ɗakin gwaji ya jefa irin wannan kalma ba tare da hujja ba. Gaskiya ne allurar ciwon hanta tana lalacewa idan ta daskare, kuma gaskiya ne idan aka yi ta a ɗuwawu maimakon dantse ƙarfinta yana raguwa. Amma ga abokiyar aikina a tsaye kusa da ni, daga kwalba ɗaya aka zuƙo mana mu biyu a kowane karo cikin ukun, hannu ɗaya ya yi mana, ita jikinta ya cika da kariya. Idan allurar ce ta lalace, da dukanmu biyu za mu fito fanko. Bambancin yana jikina ne, kuma wannan abu ne da likitoci suka daɗe da sani: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na manya masu lafiya ba sa kai wa ma'aunin 10 bayan allura uku masu kyau. Shekaru sama da 40, ƙiba, shan taba, ciwon suga, ciwon ƙoda da cutar ƙanjamau duk suna rage amsawar jiki. Ni babu ko ɗaya daga cikinsu a tare da ni, saboda haka abin da ya rage a gaba shi ne gado.

Hujja mafi kusa da mu a kan wannan daga Gambiya ta fito. Masu bincike a can sun bi diddigin tagwaye jarirai sama da 200, wasu masu kama ɗaya wasu kuma marasa kama, suka auna yadda jikinsu ya amsa alluran rigakafi, aka wallafa sakamakon a 2004. Tagwaye nono ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke kwana, rana ɗaya ake kai su rigakafi, don haka idan masu kama ɗaya suka fi marasa kama yin daidai da juna, gado ne ya kawo hakan. A allurar ciwon hanta nau'in B, an ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yaran daga gado yake. A ɗigon shan inna kashi 60 ne, a ta sarƙe-haƙora kuma kashi 44. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ashe maganar ta kai har cikin jini.

Gadon nan yana aiki ne ta ƙofa fiye da ɗaya. Ƙofar da aka fi tabbatarwa a allurar ciwon hanta ita ce ta wasu ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, waɗanda ke kan kuromosom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da ƙwayoyin halitta ke jere a kansu. Aikinsu kamar na faifan mai talla ne: suna ɗora ɗan gutsuren abin da ke cikin allurar su nuna wa ƙwayoyin garkuwar jiki masu ba da umarni, su kuma su ba da izinin a fara haɗa antibodi. Kowa da irin faifan da ya gada daga uwa da uba, kuma wani faifan ba ya riƙe wannan gutsure da kyau. Tun a 1989 masu bincike a Boston ta Amurka suka nuna cewa waɗanda suka gaji wani jerin HLA mai ɗauke da nau'in DR3 daga iyaye biyu suna ba da amsa mai rauni ga wannan allura, daga baya kuma aka sha samun irin wannan alaƙa da nau'in DR7.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi ɗaukar hankalina tun da na fara karatu a kan lamarin, ita ce ta ƙwayoyin halittar da ke gina antibodi ɗin kansa. Jikin mutum yana iya haɗa antibodi iri-iri har biliyoyi, alhali ƙwayoyin halittarmu gaba ɗaya ba su wuce kusan 20,000 ba. Wanda ya warware wannan ɗaurin kai shi ne Susumu Tonegawa, masanin kimiyya ɗan Japan da ya samu kyautar Nobel a 1987. Daga aikinsa aka gane cewa kowace ƙwayar garkuwa mai haɗa antibodi, tun tana cikin ɓargo, takan yanko guntaye uku, da ake kira V da D da J, daga wani jeri da ke kan kuromosom na 14, ta haɗa su ta samar da nata salon. Akwai guntayen V masu aiki kusan 40, na D sama da 20, na J kuma 6, waɗannan su ke gina ɓangare ɗaya na antibodi ɗin, ɗaya ɓangaren kuma yana fitowa daga kuromosom na 2 ko na 22. Abin ya yi kama da mai ɗinkin hula da zarensa: da launuka kaɗan zai fitar da zane marar adadi, amma idan babu wani launi a cikin kwandon da ya gada, akwai zanen da ba zai fito masa yadda ake so ba komai gwanintarsa. Kwandon kowa kuwa daban ne. Wani guntun yana da nau'o'i da yawa a tsakanin mutane, wani mutum yana da kwafinsa fiye da na wani, wani kuma babu shi sam a jikinsa.

An ga tasirin wannan ƙarara a wani gwajin allurar ƙanjamau da ƙungiyar IAVI ta gudanar a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2022. Allurar matakin farko ce kawai, an tsara ta ne domin ta tada wasu ƙwayoyin garkuwa na musamman da ke amfani da guntun da ake kira IGHV1-2. Daga cikin mutum 36 da aka yi wa, 35 sun amsa yadda ake fata. Da aka bincika ɗayan da bai amsa ba, sai aka tarar nau'in wannan guntu da ya gada ba ya cikin waɗanda allurar ke iya kamawa. Mutumin lafiyarsa ƙalau, allurar ita ce dai wadda aka yi wa sauran, zaren ne kawai babu a kwandonsa. Haka nan a mura mai tsanani, yawancin antibodi masu iya tare nau'o'in ƙwayar cutar da dama suna fitowa ne daga guntun IGHV1-69, wanda canjin ɗigo ɗaya a cikinsa yake raba mutane gida-gida, kuma yawan masu kowane nau'i ya bambanta tsakanin al'ummomin Afirka da Turai da Asiya. Tun a 1996 ma an gano wani nau'i mai rauni na wani guntu a tsakanin ƙabilar Nabaho ta Amurka, wanda ake ganin yana iya taka rawa a yawan kamuwar 'ya'yansu da ƙwayar Hib mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ita wannan Hib tana cikin allurar fenta, mai haɗa rigakafin cututtuka biyar, da muke yi wa jarirai tun 2012, tare da ta ciwon hanta.

Akwai abin da ke damuna a nan a matsayina na 'yar Afirka. Nahiyarmu ce ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin halitta, amma akasarin bayanan da masana suka tara daga jinin Turawa suka fito. Idan za a riƙa tsara allurai domin su kama wani guntu takamaimai, dole ne a san irin guntayen da ke jikin mutanen da za a yi wa, shi ya sa na ji daɗin ganin cewa an kai wani zagaye na gwajin allurar ƙanjamau ɗin nan Ruwanda da Afirka ta Kudu.

Ba na tsammanin mai miƙa takarda ya san sunayen guntaye da kuromosom. Abin da nake tsammani daga gidan da ke sayar da wannan gwaji shi ne jimla uku a ƙasan sakamakon: cewa wasu mutane masu lafiya ba sa amsa zagayen farko, cewa hakan ba ya nufin allurar jabu ce, kuma cewa a koma wurin likita domin mataki na gaba. Gwajin anti-HBs adadi kawai yake bayarwa, ba ya faɗin dalili, saboda haka duk wanda ya dubi lambar ya yanke hukunci a kan dalilinta ya wuce iyakar abin da takardar ta ce.

Washegari na koma na nemi ganin shugaban ɗakin gwajin, kuma a nan ne wurin ya dawo da ƙimarsa a idona. Dattijo ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, ya ba ni haƙuri, sannan ya yi tambayar da ta dace: "Sista, kafin a fara miki allurar, an duba ko kina ɗauke da cutar?" Tambayar tana da tushe, domin wanda ya riga ya kamu da ciwon hanta mai daɗewa ba zai nuna anti-HBs ba ko sau nawa aka yi masa allura, kuma wasu ta wannan hanya suke gano halin da suke ciki. An duba ni a farko, amma ya ba da shawarar a sake HBsAg tare da anti-HBc, wanda ke nuna ko mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Ya sa aka sake gudanar da samfurina na farko ba tare da ƙarin kuɗi ba, lambar ta sake fitowa ƙasa da 10, sauran biyun kuma suka nuna babu cutar. Na tambaye shi ko akwai amfanin in nemi gwajin ƙwayoyin halitta domin in san dalili. Ya ce ko an gano nau'in HLA ɗina, matakin da za a ɗauka ba zai canja ba, don haka in adana kuɗina. Ya yi gaskiya, kuma na yaba masa da bai yi amfani da damuwata ya sayar mini da wani abu ba.

Matakin kuwa sananne ne: a sake zagaye na biyu na allura uku, a sake aunawa bayan wata ɗaya zuwa biyu. Da yawa daga cikin waɗanda ba su amsa na farko ba suna amsa na biyu, domin gado a mafi yawan lokuta rage ƙarfin amsawa yake yi, ba rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Wadda ta yi allura shida ba ta kai 10 ba, ita ce ake ɗauka ba ta da kariya, kuma idan allurar da aka soka wa mai ɗauke da cutar ta soke ta, tana buƙatar a yi mata allurar antibodi da aka riga aka haɗa, wadda ake kira HBIG, cikin gaggawa. Sanin wannan tun kafin hatsari ya faru shi ne ainihin amfanin gwajin ga irinmu. Watanni bakwai na yi ina aiki da sanin cewa ba ni da kariya, ina ninka safar hannu a duk ɗinki, ina sa tabarau ko da zafi ya dame ni. Na koma wurin nan dai bayan allura ta shida, aka ɗebi jinin da irin kulawar farko, sakamakon ya nuna 58. Bai kai na abokiyar aikina ba ko kusa, amma ya haye ma'aunin, kuma abin da ake nema ke nan.

Ba kowa ne yake buƙatar kashe kuɗi a wannan gwaji ba. Ga yawancin mutane da yara masu lafiya, kammala allurar ya wadatar. Waɗanda ya kamata su yi shi su ne ma'aikatan lafiya da ɗalibansu, matar ko mijin mai ɗauke da cutar, masu wankin ƙoda, masu cutar ƙanjamau, da jaririn da mahaifiyarsa ke da cutar, wanda shi akan duba shi ne yana da wata 9 zuwa 12. Lokacin yin gwajin ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma wannan wani abu ne da ba su tambaye mu ba a teburin karɓar baƙi. Adadin antibodi yana raguwa da shekaru ko a jikin wanda ya amsa da kyau, alhali garkuwar jikinsa ba ta manta ba. Wanda aka yi wa allura shekara 15 da suka wuce ya ga lamba ƙasa da 10 yau, ba lallai ne yana cikin marasa amsawa ba. Akan yi masa allura ɗaya a sake aunawa, idan lambar ta tashi an san kariyar tana nan. Da suna tambayar ranar allurar ƙarshe su rubuta ta a kan takardar, da sun kare mutane da yawa daga firgita marar dalili.

A ziyarata ta ƙarshe na lura an sauya wanda ke miƙa sakamako, amma takardar tana nan yadda take, lamba da ma'auni kawai, kuma budurwar teburin gaba ta sake fara rubuta mini HBsAg kafin in gyara mata. Ina tura ɗaliban ungozoma da ke zuwa koyon aiki wurinmu can, saboda na amince da hannun masu ɗibar jininsu da injinsu da kuma dattijon da ke shugabantarsu. Sai dai kowace ɗaliba nakan rubuta mata sunan gwajin a takarda da ranar allurarta ta ƙarshe, in kuma ce mata ta kawo sakamakon mu duba tare da likitanmu kafin ta saurari fassarar kowa a bakin kanta.